Me zai sa in riƙa kwafe manhajar da apt zai iya sake sauko mini da ita?

Wani malami da ke kula da kwamfutocin makarantarsu ya aiko da wannan tambaya: "Muna da saba guda mai Ubuntu, ita ke riƙe da sakamakon jarrabawar ɗalibai da shafin makaranta. Kowane dare nakan kwafe duk abin da ke cikinta zuwa faifan waje, ranar Asabar kuma in ɗora kwafin a intanet. Yanzu faifan ya kusa cika, data kuma ba ta kai mu ƙarshen wata. Da na leƙa sai na ga abu mai yawa a ciki manhajoji ne da na girka da apt, waɗanda ko gobe na so zan sake sauke su. Ta yaya zan daina kwafe su ba tare da na zubar da wani abu mai muhimmanci ba?"

Malam, sannu da ƙoƙari, kuma tunaninka a kan hanya yake. Yawancin manhajojin da suka shigo ta hannun apt, wato mai sauke manhajoji ya girka su a Ubuntu, irinsu suna zaune a rumbun Ubuntu da sauran rumbunan da ke kwafarsa a ƙasashe daban-daban. Telan da ke tsoron gobara a kasuwa, littafin awon mutane yake tafiya da shi gida, tare da yadin da aka ba shi amana. Zare da allura da maɓalli ko yaushe zai same su. Haka sabarka take, wato kwamfutar da ke riƙe muku bayanai da shafi. Sakamakon ɗalibai, da saitin da ka kwana kana gyarawa, da makullan sirri, in suka salwanta babu kasuwar da za ka sayo su. Manhajojin kuwa sunayensu kaɗai kake buƙatar riƙewa, kuma jerin sunayen duka bai kai nauyin hoto guda na waya ba.

Amma ina so ka yi aikin a tsanake, domin a nan ne mutane suke rasa ido garin neman gira. A wasu foldoji manhaja da bayananka a cuɗe suke. Wanda ya yi gaggawa ya cire folda ɗungurungum, yakan haɗa har da abin da ya tashi karewa, kuma ba zai farga ba sai ranar da faifai ya mutu.

Kafin ka cire komai, auna. Buga wannan:

sudo du -xh --max-depth=2 / | sort -h | tail -30

Zai jero maka foldoji talatin mafi nauyi. Sau da yawa na ga mutum yana zargin /usr, alhali ainihin mai cinye masa faifai wani ne daban: tsofaffin fakitoci a /var/cache/apt/archives, ko fayilolin snap (wata hanyar girka manhaja ban da apt) a /var/lib/snapd, inda tsarin yakan riƙe tsohuwar siga kusa da sabuwa, ko hotunan Docker (ƙunshin manhajoji da Docker ke gudanarwa a keɓe), ko rajistar journal da ta yi shekara tana kumbura, ko foldar .cache da node_modules a gidan wani mai amfani. Gani ya kori ji. Wataƙila layi uku kawai za ka ƙara a jerin abubuwan da ba a kwafewa, rabin matsalar ta tafi.

Abin da ya sa wannan shiri yake yiwuwa shi ne dpkg, wanda apt yake aiki a kansa, mai riƙon lissafi ne. Kowane fakiti da ya girka yana da takardarsa a /var/lib/dpkg/info: ɗaya mai ƙarewa da .list wadda ta jero duk fayil ɗin da fakitin ya ajiye, mafi yawansu kuma da wata mai ƙarewa da .md5sums wadda ta riƙe hatimin kowane fayil, wato lambar da ake gane an canza shi da ita. Idan ka buga dpkg -S /usr/bin/curl zai gaya maka fakitin da ya mallake shi. Idan ka tambaye shi fayil ɗin da ba nasa ba, zai ce bai san shi ba. To, ma'aunin ke nan: abin da dpkg ya san shi kuma bai canza ba, ba ya buƙatar kwafi. Abin da bai sani ba, ko ya sani amma ka taɓa shi, naka ne.

Sai jerin sunayen. Shawarar da ta fi yawo ita ce a yi dpkg --get-selections, amma ni na fi son wannan:

apt-mark showmanual > /root/jerin-manhajoji.txt

Na farkon yana rubuta komai da komai, har da ɗaruruwan ƙananan laburare da suka biyo manhajoji a baya. Na biyun yana rubuta waɗanda aka nema da gangan, ya bar wa apt aikin nemo 'yan rakiyarsu. Bambancin yana fitowa ranar da za ka mayar da sabar a kan sabuwar sigar Ubuntu. Tsakanin 22.04 da 24.04 an canza wa laburare da dama suna, aka liƙa musu t64 a ƙarshe. Libssl3 ya koma libssl3t64. Wanda ya riƙe dogon jeri zai yi ta fama da sunayen da suka shuɗe, mai gajeren jeri kuwa ya ce a ba shi nginx da mariadb-server, apt ya san sauran. Duk da haka ka ajiye dpkg -l a wani fayil na daban, saboda shi ne yake nuna ainihin sigar kowace manhaja, kuma ranar da wani abu ya ƙi tashi za ka so sanin wace siga ce take aiki a da. Haka nan snap list in kana amfani da snap. Ka sa waɗannan umarni a farkon rubutun da ke yi maka kwafin dare, don kada jerin ya tsufa ba ka sani ba. Ubuntu da Debian, wadda aka gina Ubuntu a kanta, ma sukan ajiye kwafin rajistar dpkg da kansu a /var/backups, wadda ƙarama ce, kada ka cire ta.

Jeri ba shi da amfani in ba a san inda za a je a ɗauko kayan ba. Adireshin rumbuna yana cikin /etc/apt, wanda za mu kwafe dama. Tarkon yana wajen makullan sa hannu: kamfanoni da yawa da ke da rumbun kansu sukan ce ka ajiye makullinsu a /usr/share/keyrings, wato a tsakiyar foldar da muke shirin cirewa. Ka sa wannan ƙaramar folda cikin abin kwafewa da sunanta.

/etc kuwa ka kwafe ta gaba ɗaya, kada ka tsaya tsince-tsince. Nauyinta bai taka kara ya karya ba, amma a cikinta aikin hannunka yake. In so samu ne ka girka etckeeper, wadda take sa /etc a ƙarƙashin git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen fayiloli, ta kuma rubuta canji duk lokacin da apt ya girka ko ya cire wani abu. Watarana za ka tambayi kanka yaushe aka canza saitin nan, amsar tana nan. Abu biyu game da /etc ɗin. Tana ɗauke da /etc/shadow da makullan SSH da na takardar shaidar shafinku, don haka kwafin da zai hau intanet dole ya kasance a kulle da kalmar sirri. Sa'an nan ranar mayarwa kada ka juye tsohuwar /etc a kan sabuwa kamar ana juye buhu. Fayil ɗin fstab yana kiran faifai da lambar da sabon faifai ba shi da ita, sabar tana iya ƙin tashi. Lambobin masu amfani na tsarin, waɗanda Debian ke rabawa tsakanin 100 da 999, suna bin jerin yadda aka girka manhajoji ne, don haka lambar da mysql yake da ita a tsohuwar saba tana iya zama ta wani a sabuwa. Ka buɗe tsohuwar a gefe, ka riƙa ɗaukar saitin nginx, da na PHP, da na bangon wuta ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu /usr, wadda ita ce asalin tambayarka. Bisa ƙa'idar tsara foldoji ta Linux, wannan gonar manajan fakiti ce, in ban da lungu guda: /usr/local, wanda aka ware wa mai kula da kwamfuta. Duk abin da ka harhaɗa da kanka da make install, ko ƙananan rubutun da ka ajiye a /usr/local/bin, a nan suke, kuma apt bai san da su ba. Saboda haka kada ka rubuta /usr kawai a jerin cirewa. Ka rubuta /usr/bin, /usr/sbin, /usr/lib, /usr/libexec, /usr/share, /usr/include da /usr/src kowanne da layinsa, ka bar /usr/local. Haka /opt, inda manhajojin da ke zuwa da nasu mai girkawa suke sauka, da /srv, da /root: a bar su cikin kwafi.

Wannan ƙa'ida ce a takarda. A zahiri mutane sukan ajiye abu inda bai kamata ba, kuma na ga sakamakon da idona. Na taɓa taya wata makaranta sake gina saba bayan faifanta ya lalace. Komai ya dawo: manhajoji sun girku daga jeri, bayanan ɗalibai sun shiga, shafi ya buɗe. Sai da aka buga katin sakamako na farko muka ga duk inda sunan yaro yake da ɗ ko ƙ ko ɓ, ɗan akwati ne ya fito a gurbin harafin. Ashe shekaru kafin nan wani ya kwafo salon rubutu mai haruffa masu lanƙwasa ya jefa shi da hannu cikin /usr/share/fonts, manhajar buga katin kuma da shi take aiki. Babu fakitin da ya mallake shi, foldar kuma an cire ta daga kwafi. Mun yi kwana biyu muna neman irinsa, iyaye na jira, kuma har yau ina jin nauyin ganin sunan yaro a gutsure a takardar da zai kai gida. Da a /usr/local/share/fonts aka ajiye shi, da ya tsira.

Don haka kafin ka rufe ido ka cire /usr, yi bincike biyu. Na farko sudo dpkg --verify, wanda zai kwatanta fayilolin da ke kan faifai da hatiminsu na asali. Layin da ya fito da 5 a cikinsa yana nufin an canza abin da ke cikin fayil ɗin. In akwai harafin c kafin sunan, fayil ɗin saiti ne, ba abin damuwa. In babu c kuma yana ƙarƙashin /usr, to wani ya gyara fayil ɗin manhaja da hannu, kuma wannan gyara zai ɓace ko da ba a yi gobara ba, domin sabuntawa ta gaba za ta shafe shi. Bincike na biyu shi ne neman baƙin fayiloli irin wancan salon rubutu, waɗanda dpkg --verify ba ya ganinsu tunda ba sa cikin littafinsa. Akwai cruft-ng da aka yi don wannan aiki. Zai kawo maka tarkace da yawa, amma ka daure ka karanta ɓangaren /usr sau ɗaya. Duk abin da ka gano, ka mayar da shi mazauninsa na gaskiya.

Wurin da ya fi kowanne haɗari shi ne /var, saboda rabinta shara ce rabinta dukiya. /var/cache, /var/tmp, /var/lib/apt/lists da /var/lib/snapd/snaps duk za a iya sake samar da su. Amma a maƙwabtansu /var/lib/mysql ko /var/lib/postgresql suke, inda sakamakon ɗalibanka yake kwance. Da /var/www mai shafin makaranta da hotunan da aka ɗora. Da /var/spool/cron mai ayyukan da ka tsara su gudana da dare. Da /var/snap mai bayanan manhajojin snap. Docker ya fi kowa ruɗarwa: a cikin /var/lib/docker hotunan manhaja abin sake saukewa ne, amma foldar volumes da ke cikinta bayanai ne tsantsa.

Game da taskar bayanan jarrabawar, ina da magana ta musamman, ko da ba ka tambaya ba. Kwafe /var/lib/mysql alhali manhajar tana aiki kamar ɗaukar hoton mai gudu ne, yana iya fitowa a gurɓace. Ka fitar da bayanan da mysqldump tare da --single-transaction, ko pg_dumpall in PostgreSQL ne, zuwa wani fayil, shi ne za ka kwafe. Wannan yana da wata fa'ida da ta shafi tambayarka kai tsaye. Tunda ka daina ajiye manhajar kanta, ranar mayarwa apt zai iya ba ka siga sabuwa, kuma babbar sigar PostgreSQL ba ta buɗe foldar bayanan wadda ta gabace ta haka kawai. Fayil ɗin da aka fitar a matsayin rubutu kuwa sabuwar siga tana karɓarsa.

Duk wannan ya kai ni ga dokar da nake bi: ka ce wa manhajar kwafi ta ɗauki komai in ban da abin da ka lissafa, kada ka ce ta ɗauki abin da ka lissafa kaɗai. In ka yi mantuwa a tsari na farko, asararka 'yan megabayit ne na faifai. In ka yi mantuwa a na biyu, asararka bayanai ne. Da manhajar kwafi mai suna restic, misali:

restic backup / --one-file-system --exclude-caches --exclude-file=/root/banda.txt

A cikin banda.txt za ka zuba foldojin da muka ce a cire daga kwafi, ka ƙara /tmp, da /swap.img ko /swapfile, da /home/*/.cache, da node_modules in akwai masu rubuta manhaja a wurinku. Kalmar --one-file-system tana hana shi shiga /proc da /sys da faifan wajen da kake kwafewa a kai, amma lura: in /home ko /var suna kan wani yanki na faifai daban, su ma zai tsallake su, sai ka rubuta sunansu kusa da /. Ita kuma --exclude-caches tana tsallake duk foldar da ke da fayil mai suna CACHEDIR.TAG, alamar da wasu manhajoji ke ajiyewa don su ce abin da ke nan na wucin gadi ne. Borg, wata manhajar kwafi irin restic, da tar ma sun san wannan alama.

Na ambaci restic da Borg da gangan. Yadda ka bayyana aikinka, ina zaton kowane dare cikakken kwafi sabo kake yi, shi ya sa faifan yake cika. Waɗannan biyun suna yanka fayiloli gunduwa-gunduwa, duk gunduwar da suka taɓa ajiyewa ba sa maimaita ta. Ke nan /usr sau ɗaya za ta shiga, ko da ka yi kwafi ɗari, sai ɗan abin da sabuntawa ta canza. Wannan ya sauya lissafin, kuma a kansa shawarata ta tsaya: ka raba kwafin gida biyu. Wanda zai hau intanet, inda kowane gigabayit kuɗin data ne da jiran layi, ka tace shi sosai kamar yadda na zayyana. Na faifan waje kuwa, ka bar manhajojin a ciki. Dalili shi ne mu da muke aiki inda intanet ke yankewa, wuta kuma ba tabbas, kalmar "zan sake saukewa" tana da tsada. In sabar ta mutu ana saura kwana biyu a raba sakamako, sauke dukan manhajoji ta layin waya na iya cin yini guda, alhali daga faifan da ke cikin durowa ba zai ɗauki wani lokaci ba. In ɗakin kwamfutarku yana da injuna da yawa masu Ubuntu, girka apt-cacher-ng a sabar; tana saurare a ƙofa ta 3142, fakitin da inji ɗaya ya sauke, sauran daga gida za su ɗauka.

Akwai kuma tambayar da ya kamata ka yi wa kowace manhaja: da gaske za ta kasance a rumbu ranar da zan neme ta? Ga na Ubuntu da Debian na asali, hankali a kwance. Sigar Ubuntu da wa'adinta ya ƙare tana komawa old-releases.ubuntu.com, Debian kuma tana da snapshot.debian.org mai riƙe da fakitoci tun daga 2005. Sai dai adireshin yakan canza, kamar yadda masu CentOS 8 suka gani bayan ƙarshen 2021, lokacin da aka kwashe rumbunsu zuwa taskar tsofaffi, umarnin sabuntawa ya daina aiki har sai da suka gyara adireshi. Rumbunan ɗaiɗaikun mutane kuwa babu alkawari. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja ya janye fakitocinsa sama da 250 daga npm, rumbun fakitocin JavaScript, cikinsu har da left-pad mai layi 11 kacal, manyan ayyuka a faɗin duniya suka kasa ginuwa har sai da aka mayar da shi. PPA ma, wato ƙaramin rumbun fakitocin Ubuntu da wani ya buɗe da kansa, mai shi yana iya goge ta ko ya daina kula da ita. Don gano irin waɗannan a sabarka, buga apt list --installed ka nemi layukan da aka rubuta local a ƙarshensu. Su ne fakitocin da babu rumbun da ka sani yake da su yanzu: direban firinta da ka sauko daga shafin kamfani, ko wata manhajar da aka ba ka a filashi. Waɗannan ka ajiye fayil ɗinsu na .deb a folda guda da ke cikin kwafi. In ka riga ka rasa na asalin, dpkg-repack zai sake ƙulla maka .deb daga abin da ke girke. Kada ka dogara da cewa yana cikin /var/cache/apt/archives, domin umarnin apt yakan goge abin da ya sauke bayan ya gama girkawa, apt-get ne yake bari.

Ga masu karatu da ke kan wani tsarin, dabarar ɗaya ce, sunaye ne suka bambanta. A Fedora dnf repoquery --userinstalled da rpm -Va. A Arch pacman -Qqe, sai pacman -Qqm don waɗanda ba daga rumbu suka zo ba. A Mac brew bundle dump. A Windows winget export. A ayyukan Python a riƙe requirements.txt a bar foldar venv, a na Node a riƙe package-lock.json a bar node_modules.

Saura aiki guda, kuma shi ne zai gaya maka ko duk abin da ka yi daidai ne. Ba a fafa gora ranar tafiya. Wata Asabar ka buɗe VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfutar gwaji, a laftof ɗinka, ka girka Ubuntu sabo fil, ka yi kamar sabar ta ƙone, abin da ke hannunka kwafin intanet ne kawai. Mayar da adireshin rumbuna da makullansu, yi apt update, sa'an nan:

xargs -a jerin-manhajoji.txt sudo apt-get install -y

In suna guda ya ɓace daga rumbu, umarnin duka zai tsaya ya faɗi sunan. Cire shi daga jerin, rubuta shi a gefe, sake bugawa. Mayar da saituna, loda bayanan jarrabawa, duba cewa fayilolin /var/www mallakar www-data ne, wato mai amfanin da manhajar shafi ke aiki da sunansa. Ka riƙe takarda da biro, duk inda ka tsaya kana tunanin "af, wannan fa?" ka rubuta, domin wannan takarda ita ce za ta gyara maka banda.txt, ita ce kuma wanda zai gaje ka a aikin zai bi. Kalmar sirrin restic ɗin ma ka tabbata tana rubuce a wani wuri da ba cikin sabar ba, misali a ambulan a ofishin shugaban makaranta. Daga ƙarshe ka buɗe shafin, ka nemo ɗalibi mai ɗ ko ƙ a sunansa, ka buga katin sakamakonsa a takarda ka duba.